Faɗa ko Labari? Tarihin Wata Gardama, Daga Wasan Kwamfuta Zuwa Ƙasar Zamfara

 

Cikin 'yan watannin nan mun karanta gwajin rubutu da dama daga matasanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, kuma abu guda ya yi ta maimaituwa. Mafi yawan masu turo babin farko da yaƙi suke buɗewa. Jarumi ya zare takobi ya kutsa cikin dakaru dubu, kawuna suna ta shawagi, kafin shafi na uku ya ƙare babu sauran mai numfashi sai shi da dokinsa. Da muka tambaya ina labarin, wani ya ce ai mai karatu gumurzun yake biɗa, dogon zance gundurar sa yake yi. Wasu kuma suka taso masa, suka ce sara da suka ba adabi ba ne, marubucin ƙwarai zuciyar mutum yake rubutawa. Aka yi ta ja-in-ja har aka gaji, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ba a kanmu aka fara wannan gardama ba. Akwai wata sana'a, ƙanwar tamu, wadda ta shafe shekara hamsin tana yin ta, kuma da yake masu ita dukiya suke zubawa, sun gwada kowane ɓangare har iyakarsa, sun ga riba sun ga asara. Masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta muke nufi. Za mu bi tarihin gardamarsu, sannan mu dawo gida mu ga inda ta shafe mu.

WANE IRIN WASA?

Ba ƙwallon da yara ke bugawa a gidan gem muke magana a kai ba, ba kuma Free Fire ko PUBG da ake yi da waya a shagon caji ba. Akwai wani jinsi da masu abin ke taƙaita sunansa da RPG, mu kuwa a nan za mu kira shi wasan shiga riga. Mai wasa yakan shiga rigar mutum guda, ya ba shi suna da sana'a da hali, ya yi tafiya da shi cikin wata ƙagaggiyar duniya, ya zanta da mutanenta, ya yanke shawara, ya yi faɗa, yana tafe yana ƙara ƙarfi da gwaninta.

In an ɗauke kwamfutar, Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A wasan kalankuwa na bayan kaka, samarin ƙauye sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse. A tashe, daga goma ga azumi, yaro ɗan shekara goma yakan liƙa gemun auduga ya zama tsoho mai dogara sanda. Wannan shi ne ɓangaren labari. A ɗaya ɓangaren kuma ga langa, ga kokawa, ga dambe, inda doka take a fili kuma dole a tashi da sanin wanda ya yi kisa. Wasan shiga riga na kwamfuta aure ya ɗaura wa waɗannan biyun, kuma tun ranar ɗaurin auren ake rigimar wanda zai riƙe gidan.

DAGA TEBURIN HAFSOSHI

Kakan wannan wasa soja ne. A 1824 wani matashin hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furushiya, a ƙasar Jamus ta yau, wani wasa da ake yi a kan taswira. Ana jera 'yan tubala a matsayin bataliyoyi, a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta ludo don a san harbin wa ya ci. Horar da hafsoshi aka yi nufi, amma daga baya farar hula suka ɗauke shi abin nishaɗi. A 1971, a Amurka, Gary Gygax da Jeff Perren suka buga dokokin wani irinsa mai suna Chainmail, na yaƙin zamanin takobi da sulke.

Sai wani matashi a jihar Minesota, Dave Arneson, ya kawo canjin da ya haifi komai: maimakon kowane mai wasa ya ja runduna, ya riƙe mutum ɗaya tak, kuma mutumin ya ci gaba da rayuwa daga zaman yau zuwa na gobe. Shi da Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Ana zama a kewaye tebur, mutum guda ya zama mai ba da labari kamar kaka a dandalin tatsuniya, sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi, shi kuma ya yanke abin da ya biyo baya. Duk da haka jinin soja bai bar wasan ba. Yawancin dokokinsa na faɗa ne, kuma da kashe dodanni da kwasar dukiya ake samun makin hawa mataki.

Da kwamfuta ta karɓi wasan, rabin gadon kawai ta iya ɗauka. Rogue na 1980 da Wizardry na 1981 duk siga ɗaya ce: ka sauka rami, ka kashe abin da ka tarar, ka kwashi ganima, ka ƙara sauka. Dalili a fili yake. Kwamfuta ta iya lissafi, ba ta iya hira ba. Cire maki bakwai daga ashirin aikinta ne, amma kakar nan mai tatsuniya, wadda ke duban fuskar yara ta karkata labari, ba a san yadda za a sa ta cikin inji ba. Ga kuma ƙarancin wuri: faifan kwamfutar Apple II bai wuce kilobait 140 ba, wato bai kai hoto guda na wayar yau ba.

Mu lura da wannan, don ya yi kama da halin sabon marubuci. Wasannin farko sun cika da faɗa ne domin shi ne abin da injin ya iya, ba don an auna an ga ya fi ba. Mu ma sau da yawa da yaƙi muke buɗe littafi saboda ya fi sauƙin rubutawa a kan hirar uwa da ɗanta da ya dawo gida da kuɗin da ba ta san asalinsu ba.

MAKAUNIYA MAI SAYAR DA KAYAN HAƊI

Richard Garriott ya fara jerin wasanninsa na Ultima a 1981. Bayan ya kafa kamfanin kansa, wasiƙun masu wasa suka fara isowa hannunsa kai tsaye, a nan ya gane irin abin da ya gina. Hanya mafi sauƙi ta cin wasanninsa ita ce mutum ya yi sata a kantuna, ya kashe mutanen gari, ya kwashe dukiyarsu, a ƙarshe kuma wasan ya yi masa kirarin gwarzon da ya ceci duniya. Abin ya dame shi.

A 1985 ya fitar da Ultima IV, wanda babu wani babban mugu da za a kashe a ƙarshensa. Aikin mai wasa shi ne ya cika halaye takwas: gaskiya, tausayi, jarumta, adalci, sadaukarwa, mutunci, tsarkin zuciya da tawali'u. Wanda ya san laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, zai ga jerin bai yi nisa da namu ba. A cikin wasan akwai makauniya mai sayar da kayan haɗin tsafi. Za ta faɗa maka kuɗin kaya, kai kuma ka rubuta abin da ka miƙa mata. Kana iya ba ta ƙasa da haƙƙinta, ba za ta gani ba, ka tafi da kayanka lafiya lau. Sai dai wasan yana rubutawa a ɓoye, kuma can gaba za ka tarar ƙofar da kake nema ta ƙi buɗuwa.

Garriott bai cire faɗa ba, yana nan da yawa. Abin da ya yi shi ne ya sa faɗan ya riƙa nuna halin mai yin sa. In ka gudu daga fage jarumtarka ta ragu. In dabbar da ba muguwa ba ta juya da gudu ka ƙyale ta, tausayinka da adalcinka su ƙaru. Daga nan tambayar ta tashi daga nawa ka kashe, ta koma wane irin mutum ka zama.

TAGWAYEN DA SUKA RABA HANYA

Shekara huɗu, daga 1997 zuwa 2000, su ne lokacin da gardamar ta fi zafi. A farkon 1997 kamfanin Blizzard ya cika kasuwa da Diablo. Labarinsa bai fi layi biyu ba: wani shaiɗani ya tare ƙarƙashin majami'ar garin Tristram, sai ka sauka hawa goma sha shida ka kashe shi. David Brevik ya fara tsara shi ne a kan bi-da-bi kamar dara, kai ka motsa abokin gaba ya motsa, daga baya aka mai da shi na nan-take, kana dannawa takobi na sauka. Kowane dodo ya faɗi yana iya yar da makami ko zobe da ya fi wanda ke hannunka, wannan sa ran kuwa shi ke hana mutum barci. An sayar da miliyoyi. Kada mu raina shi, don akwai gwaninta a ciki: sanin lokacin da za a matsa wa mutum da lokacin da za a bar shi ya numfasa.

A shekarar nan dai kamfanin Interplay ya fitar da Fallout, ƙarƙashin jagorancin Tim Cain. Duniya ta ƙone da yaƙin nukiliya, na'urar tace ruwan maɓoyarku ta lalace, an ba ka kwana 150 ka nemo wata. A ƙarshen wasan kana iya fuskantar babban abokin gaba ba tare da harbi ko ɗaya ba. In ka tattara hujja tun a hanya, za ka nuna masa cewa halittun da yake son ya gaje duniya da su ba sa haihuwa, shirinsa duka aikin banza ne, shi da kansa zai rushe abin da ya gina. Ka koma gida da nasara kuma, shugaban maɓoyar ya tare ka a bakin ƙofa ya sallame ka, don duniyar waje ta canza ka, yana tsoron matasa su bi sawunka.

Gwajin da ya fi kowane tsabta ya zo daga ɗaki guda. Sashen Black Isle na Interplay ya fitar da wasa biyu a kan manhaja ɗaya da tushen dokoki ɗaya: Planescape: Torment a Disambar 1999, da Icewind Dale a Yunin 2000. A Torment, wanda Chris Avellone ya jagoranci rubutunsa, jarumi yana farkawa a ɗakin ajiye gawa, bai san sunansa ba, sai wasiyyar da ya tarar an zana masa a gadon baya. Ba ya mutuwa. Sannu a hankali yake gano cewa ya yi rayuwa da yawa a baya, a wasu ya zalunci mutanen da ke tafiya tare da shi yanzu, kuma duk lokacin da ya faɗi ya tashi, wani ne a wani wuri ya mutu a madadinsa. Rubutun wasan ya kai kalma kusan dubu ɗari takwas, kuma faɗan da ya zama dole a cikinsa 'yan kaɗan ne. A Icewind Dale kuwa kai za ka ƙera mayaƙanka shida, ba su da tarihi, ba sa hira da juna, ka bi da su kogo bayan kogo cikin ƙanƙara. Daɗinsa yana ga dabarar jera su a fage.

Kowanne yana da aibinsa. Torment bai yi kasuwa sosai a lokacinsa ba, faɗansa bai da armashi, wasu kuma sun gaji da karatu sun ajiye. Icewind Dale ya gamsar da masu son dabara, amma da wuya ka sami wanda ke tuna ko mutum ɗaya cikin shidan da ya yi wata guda yana ja. Zuriyar Diablo ta ci gaba har zuwa na huɗu a 2023, Torment kuma har yau in ana lissafin wasannin da suka fi kyawun rubutu sai an ambace shi. Ba wanda ya kashe wani.

MU MA MUN YI TAGWAYENMU

Shekara sittin da 'yan kai kafin Black Isle, Hausa ta yi nata gwajin. A gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 daga Zariya, cikin littattafan da suka yi nasara akwai Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gasa ɗaya, maɗaba'a ɗaya, hanya biyu.

Ganɗoki littafin gumurzu ne da kirari. Ya faro daga yaƙe-yaƙen gaske na zuwan Turawa a ƙasar Kwantagora, sannan ya ɗauki jaruminsa zuwa ƙasashen gabas inda shi da ɗansa Garba Gagare suke karawa da aljanu. A ganinmu kashin farko ya fi nauyi, domin a can abokan gaba mutane ne, kuma shan kashi yana da sakamakon da mai karatu ya sani a tarihin kakanninsa. Shaihu Umar shi ma bai rasa tashin hankali ba, akwai harin bayi, akwai satar yaro, akwai ƙetare Sahara. Amma kowane hari a cikinsa yana raba wani da wani abu da ba zai dawo ba, kuma abin da ke zama a zuciya shi ne uwar da ta bar gida neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Shi ne Adamu Halilu ya mai da fim a 1976.

Rabuwar ta ci gaba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi layin jarumta. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, teburin mai sayar da littattafai ya rabu biyu, nan na soyayya da zaman aure, can na yaƙi, inda sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi fice. Matasan da ke turo mana babi a yau jikokin wannan layi ne, ba su da laifi don sun gaje shi. Tambayar ita ce abin da za su ƙara a kai.

INDA KATANGAR TA FAƊI

Masu wasan kwamfuta sun daɗe da gane cewa katangar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta kara ce. Dark Souls, wanda Hidetaka Miyazaki ya jagoranta a Japan a 2011, faɗa ne tsagwaronsa, mai wuyar gaske, magana kaɗan. A cikinsa akwai wani ƙaton kyarkeci mai suna Sif da ke gadin kabarin ubangidansa, kuma ba ka wucewa sai ka kashe shi. In ƙarfinsa ya kusa ƙarewa sai ya fara ɗingishi, yana kai sara yana tuntuɓe, amma bai bar bakin kabarin ba. Ba a rubuta maka ko jimla ɗaya a kan amana ba. Ɗingishin nan ya isa.

A 2015 Toby Fox ya fitar da Undertale, inda kowane abokin gaba ana iya ƙyale shi da rai, kuma in ka zaɓi ka ƙarar da kowa, wasan yana riƙe da abin ko ka sake farawa. A 2019 Disco Elysium ya fito ba tare da tsarin faɗa irin na gado ba. Ɗan sanda ne mashayi yake binciken kisa, kuma gwanintarsa ashirin da huɗu muryoyi ne da ke gardama a cikin kansa. Jagoran rubutunsa, Robert Kurvitz na ƙasar Istoniya, marubucin littafi ne wanda littafinsa na 2013 bai wuce kwafi dubu ba a kasuwa. Mai jin cewa ƙarancin masu saye ya rufe masa ƙofa ya riƙe wannan.

A nan Afirka, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion a 2016. Wasan faɗa ne, amma ga tushensa: ranar da aka naɗa Enzo sarki kuma aka ɗaura masa aure, ranar ce ɗan'uwan amaryarsa ya ƙwace gadon sarauta. Duk naushin da za a yi bayan nan, da suruki ake yin sa, matarsa kuma tana gefensa.

Mu da muka tashi da dambe bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. 'Yan dambe nawa suka yi kisa a fagagen ƙasar Sakkwato da Zamfara aka manta da su? Shago yana raye a bakin mutanen da ba su taɓa ganin turminsa ko ɗaya ba, saboda Ɗan Anace ya ba naushinsa labari.

MU DAWO GIDA

Tarihin ƙasarmu ana iya ba da shi ta hanya biyun nan. Ga ta farko: Dutsi, Birnin Zamfara, Kiyawa, Sabon Gari, Anka, wane ya ci wane, wane ya gudu. Haka yawancinmu muka haddace shi. Amma wanda ya leƙa ruwayoyin da Bajamushe Kurt Krieger ya tattara a Anka ya buga a 1959, ko binciken digirin Garba Nadama na 1977 a Jami'ar Ahmadu Bello, zai tarar da mutane a bayan jerin.

Ɗauki faɗuwar Birnin Zamfara a farkon shekarun 1760. Gobirawa ba da yaƙi suka fara shigowa ba, baƙi ne da aka ba masauki da gonaki a wurin da ya zama Alƙalawa. Ruwaya ta ce Babari ya aurar da 'yar'uwarsa Fara ga Sarkin Zamfara Maroƙi. Da baƙi suka yi ƙarfi, Babari ya ci birnin, Maroƙi ya fice zuwa Kiyawa. Mai rubuta wannan a salon Diablo zai ba mu dawaki da ƙura da ganuwa tana faɗuwa. To Fara fa? Tana cikin gidan mijinta, ɗan'uwanta yana bakin ƙofa da runduna. Me ta sani tun kafin ranar? Wa ta yi wa addu'a a daren? Ga littafi sukutum wanda, a iya karatunmu, yana jiran mai rubuta shi.

Ɗauki 1805. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, yana da masoya a nan. Bayan wahalar Tsuntsuwa, jama'arsa ta sauka a Sabon Gari cikin yunwa, kuma neman abincin runduna ya ɓata tsakaninta da Zamfarawa da yawa da suka tarbe ta da farko. Ka sa kanka a rigar manomi mai rumbu ɗaya da 'ya'ya bakwai, wanda ya taɓa zama gaban Shehu ya ji wa'azi ya yi kuka, yau kuma mayaƙa mayunwata suna tsaye a ƙofar gidansa. Duk abin da ya zaɓa akwai asara. Irin wannan zaɓi ne masu Fallout suka kashe dukiya suna ƙagowa, mu kuwa yana kwance a tarihinmu kyauta. Bayan wannan guguwa ne gidan sarautar Zamfara ya tabbata a Anka, kuma har yau sarautun Sarkin Zamfara a Anka, da Sarkin Mafara a Gummi, da Sarkin Danko a Bukkuyum, kowace tana ɗauke da labarin ƙaura da sulhu da ba a gama rubutawa ba.

Ɗauki 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru, sannan Bagega wadda sai a 2013 aka share ƙasarta. Yara aƙalla 400 suka rasu. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, magidanta suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A wannan labari babu dodon da za a sare. Akwai uba da ya kawo dutsen don ya ciyar da ɗansa. Marubucin da takobi kaɗai ya iya ba shi da abin cewa a nan.

Sai kuma abin da muke ciki. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kusa 200. Duniya ta ji lambobin biyu, ta yi gardama a kansu kwana biyu, ta wuce. Haka ake ba da labarinmu a waje, kamar makin da ke hawa a kusurwar allo. Duk wanda ya bi hanyar Anka zuwa Gummi ta Ɗaki Takwas yana addu'a a zuci ya san kowace lamba tana da suna, tana da gona da bashin da ba ta biya ba. In mu ma muka zauna muka rubuta jarumi ya kashe dubu a shafi guda ba tare da ko ɗaya cikinsu yana da uwa ba, mun taya duniya mai da mutum lamba, kuma yaran da ke karanta mu a garuruwan nan suke zaune.

Ba muna cewa a daina rubuta yaƙi ba ne. Mu da muke jin ƙarar bindiga da kunnenmu mun fi kowa haƙƙin rubuta shi, kuma wanda ya iya tsara gumurzu yadda mai karatu zai riƙe numfashi yana da baiwar da da yawa cikin masu sukar sa ba su da ita. Su ma masu dogon zance su tuna da waɗanda suka ajiye Torment don gajiya. Abin da shekara hamsin na masu wasan kwamfuta suka nuna shi ne faɗa yana zama labari ne in akwai abin da za a rasa wanda ba ya dawowa, kuma in da akwai wata hanya da jarumin ya gani ya ƙi bi.

AIKIN MAKO

Kowa ya rubuta fage guda, kada ya wuce kalma 500, a ɗaya daga cikin wurare uku: gidan Maroƙi a daren da birni zai faɗi, ƙofar manomin nan a 1805, ko wani wuri da ka sani da idonka ba tare da ambaton sunan kowa na gaske ba. Mutum biyu kacal za su fuskanci juna. Kafin ka sa ɗayansu ya ɗaga hannu, ka tabbata mai karatu ya san sunan ɗayan da wanda ke jiran sa a gida. In an yi faɗan, a nuna mana abin da mai nasara ya rasa. In ba a yi ba, a nuna mana abin da haƙurin ya ci masa.

Masu ganin mun yi wa littattafan yaƙi rashin adalci, fage a buɗe yake, a kawo hujja daga littafin da aka karanta, da ladabi kamar yadda muka saba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.